Daren da na saurari aikin Auta

Shekara uku ina ɓoye wa mutanen ƙauyenmu, nan gefen Ringim, sana'ar ƙanwata. DJ ce a gidan rawa a Legas, kiɗan house take haɗawa.

Jiya bayan isha'i, muna kan tabarma, ta buɗe kwamfutarta ta saƙala min abin saurare a kunne. "Yaya, ji nan." Ta ce baƙaƙen fatar Chicago ta Amurka ne suka fara kiɗan a farkon shekarun 1980. Bugunsa huɗu-huɗu ne, wajen 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Da kunne ɗaya take sauraren waƙar da za ta shigo, tana daidaita bugunta da wadda ke tashi, har ta sauya ban ji gaɓar ba. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na tuno ta tana 'yar mitsitsiya a gidan biki, ta karɓe kiɗan ƙwarya idan mata sun gaji.

Har yanzu tashinta daga aiki gab da asuba yana hana ni barci, Inna kuwa ba ta sauko ba. Ta dai leƙo ta ce, "Auta, dare ya yi," amma ta daɗe tsaye a bakin ƙofa.