Kwalabe goma sha ɗaya marasa suna

Jiya na miƙa makullin lab na fito, bayan shekara huɗu da 'yan watanni ina wankin lakar ƙasan teku. Yaran da suka shigo bana sun dame ni wai in bar musu wani abu a rubuce, to ga shi, amma fa ba zan tsaya bayanin yanda ake sauke girab, ƙarfen nan mai baki da ke ɗebo laka daga ƙasan teku, ko tace laka ba, duk kun sani.

Ni kafin bautar ƙasa ruwan da na sani mafi girma dam ɗin Tiga ne. Abun da ya jawo ni fannin nan wata lacca ce a aji uku kan abun da jirgin nutso Alvin ya gano a 1977 kusa da tsibiran Galapagos, wajen mita 2,500 a ƙasa, inda ruwan ɗumi ke ɓulɓulowa daga tsagar dutse ga wasu tsutsotsi masu jan kai har da masu tsawon mita 2, ba baki ba hanji, bakteriyar da ke cikinsu ce ke haɗa musu abinci da sinadarin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, rana ko leƙa wurin ba ta yi. Na ɗauka irin wannan zan riƙa gani. Sai ga ni a bayan jirgi daura da Neja Delta, zurfin bai fi mita 60 ba, ina amai ina dama taɓo a rariya.

Sai a hankali na gane taɓon nan gari ne guda. Bakin girab ɗin kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita kawai yake ciza, amma in ka wanke a rariyar rabin milimita sai ka ga ikon Allah: tsutsotsi masu gashi a gefe, 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande kamar ƙuma, ƙumba ƙanana, ƙaguwar nan da ke aron gidan katantanwa ta shige, da tauraron teku mai siraran hannuwa wanda kana taɓa shi yake yar da hannu ɗaya ya bar maka. Shi ya sa ake biyan mu. Kifi in ruwa ya ɓaci sai ya ƙara gaba, su waɗannan ba inda za su, duk abun da aka zubar kusa da rijiyar mai a kansu yake sauka. 'Yan ƙumar nan su ke fara ɓacewa in mai ya taɓa laka, ita kuwa jar tsutsar nan kamar zare, Capitella, lokacin ne kakarta ta yanke saƙa, ta cika wuri ita kaɗai. To kun ga kwalbar da muke zuba su ciki ba ta da wani amfani sai an san daga ina ta fito, mita 200 daga rijiya ne ko 500 ko can tashar nesa da muke auna sauran da ita.

A fita ta biyu na yi abun da har yau in na tuna sai cikina ya juya. Antin nan da ta fi kowa daɗewa a lab ta faɗa mun tun kafin mu tashi, ta ce ɗana, takarda da fensir, ka jefa cikin kwalba, kar ka yarda da alƙalamin maka. Na ce to anti. Daren na uku teku ya tashi, ina tsaye tun la'asar, oga na ta ihu a riƙa sauri don kuɗin jirgi kullum ake lissafawa, takardun kuma suna can cikin jaka a ɗaki. Na ɗauki maka na rubuta a murfi da gefen kwalba na ce ai an ce ba ta gogewa, in mun sauka na saka takardun. Da muka sauka tashar jirgin ruwa ta Onne na manta wallahi. A Fatakwal muka wanke fomalin, maganin da ke hana su ruɓewa, muka juye su cikin sifirit kashi 70, nan ma ina ganin rubutun raɗau ban kawo komai a raina ba. A hanyar Legas kwalba ɗaya ta fashe cikin kula, sifirit ya yi ta wanke sauran tun daga nan har muka iso. Da na buɗe kular, guda goma sha ɗaya fes, sai ɗan shuɗi-shuɗi a gindin kula.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Abun da ban yafe ba shi ne abun da ya biyo baya. Oga ya kira ni ofis ya rufe ƙofa, ya ce aboki, haka yake kirana shekara huɗu bai taɓa kama sunana ba, ya ce kai dai ka raba su a tashoshin yanda ka ga ya dace, wa zai nutsa ya duba? Kuma gaskiya zan iya. Uku daga ciki lakarsu baƙa ce wuluk, na tuna warinta tun a jirgi, Capitella cike da faranti ba ƙuma ko ɗaya, ko makaho ya san daga gindin rijiya suka fito. Amma shi ba nan yake so in kai su ba. So yake in watsa su a tashoshin nesa don hoton ya fito sumul, mai aiki ya ji daɗi ya sake ba mu kwangila. Na ce yallaɓai a yi haƙuri, ni abun da zan rubuta shi ne an rasa lambar kwalabe goma sha ɗaya ta sakacina, in ana so a koma a sake ɗebowa. Ya dube ni ya ce to ka biya jirgin.

Ba a koma ba. Rahoto ya fita da giɓi, da layi ɗaya da ke cewa kuskuren ma'aikacin fili ne, sunana kuma babu shi cikin waɗanda suka yi aikin duk da ni na zauna wata biyu a kan madubin ƙara girma ina tsince sauran ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ruwa. An yanke mun alawus ɗin fita, aka yi shekara ba a sa ni a jirgi ba. Kwas ɗin da aka yi mun alkawari wani aka tura. Ba na cewa komai, Allah na nan. Amma ku sani duk wanda ya ce muku wa zai duba, ranar da aka zo dubawar sunanku zai fara kira, wannan karon kuma zai tuna shi daidai.

Shekarar da aka ajiye ni a lab ita ta sa yau in aka kawo tsutsa ina kallon kanta da gashinta zan faɗi danginta kafin a buɗe littafi, har shi ogan in abu ya cije sai ya turo a tambayi aboki.

Sauran gajeru ne. Ku sa boraks a fomalin, in ba haka ba ya koma tsami ya cinye ɓawon ƙumba ku tarar da nama zalla ba ku san na waye ba. Kar ku buɗe wa rariya ruwa da ƙarfi, tsutsa in ta tsinke kanta kaɗai ake ƙirgawa. Jan rinin da ake sa wa samfur kaɗan ya isa. Ku sha maganin amai tun jirgi bai tashi ba, in kun bari sai ya fara ai kun makara. In kun je gida aka tambaye ku aikin me kuke, ku nuna musu wuri, kuɗin nan na da, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi ɓawon katantanwar teku ne da aka riƙa kawowa tun daga tsibiran Maldibs, kakata da wannan kaɗai ta yarda ba wasan laka nake ba.

Kwalaben nan goma sha ɗaya suna nan a kantar sama ta sito, bayan jarkokin sifirit, anti ta hana a zubar. A ta huɗu daga hagu akwai wani tauraron teku da hannuwansa biyar cif ba wanda ya karye, ban taɓa samun mai kyansa ba. Ku riƙa ƙara musu sifirit in ya ja baya.