Godiya ga waɗanda suka fito da mu daga duwatsun Shimane

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillah, ayarin ɗalibanmu da suka ratsa ƙauyukan yammacin Japan daga Matsue zuwa Miyoshi sun dawo lafiya, ba wanda ya yi ko tuntuɓe. Duk wanda ya yi mana addu'a ko ya bugo waya a ranar da ruwan sama ya tsare mu, Allah ya saka da alheri.

Godiya ta farko ta direban jirgin ƙasa na layin Kisuki ce. Wanda bai taɓa shiga irin wannan jirgi ba zai ɗauka kuranta shi muke yi. Tarago ɗaya ne tak mai amfani da man dizal, kuma mutum ɗaya ne direba, shi ne kwandasta, shi ne mai karɓar kuɗi. Layin kilomita kusan 82 ne daga Shinji zuwa Bingo-Ochiai, kuma ɓangarensa na kudu jirgi uku kacal ke bi a yini ta kowace fuska. A Izumo-Sakane dutsen ya fi ƙarfin hawan kai tsaye, don haka jirgin yakan shiga tasha, direba ya taso ya ratsa ta tsakiyar fasinjoji zuwa ɗaya kan taragon, ya ja da baya zuwa sama, ya tsaya, ya sake takowa, sannan a miƙe zuwa Miinohara mai tsayin mita fiye da 700. Bawan Allan nan duk da wannan aiki, da ya ga ruwa ya tsananta, sai da ya rubuta mana a takarda tashar da za a iya tsayar da jirgin da abin da za mu yi.

An kuwa tsayar. Ba lalacewa ya yi ba. Akwai ma'aunin ruwa a gefen layin, idan ya kai wani adadi dole a rage gudu, idan ya wuce a dakata har sai an duba ko ƙasa ta zaftaro kan dogo. Ko ba ruwa ma, a layin Geibi, wanda ke haɗuwa da na Kisuki a Bingo-Ochiai ya wuce zuwa Miyoshi, akwai wuraren da ba a wuce kilomita 25 a awa. To matsalar ita ce haɗuwa. Jirage daga fuskoki uku suna haɗuwa a Bingo-Ochiai da rana, bayan ƙarfe biyu, wanda ya rasa wannan haɗuwar ya shiga jira na awanni a tashar da ba ma'aikaci, ba kanti. Da can babbar mahaɗa ce mai ma'aikata fiye da ɗari. Yanzu sai kukan tsuntsaye.

Saboda haka godiya ta biyu ta direbobin tasi ce da aka turo a madadin jirgin. Ku sani, 'yan uwa, wannan tasi ba shata ba ce. Tikitin jirginku shi ne kuɗinta, kuma tasha-tasha take bi, ba ta kai mutum ƙofar masauki.

Sai wata baba mai kimanin shekara tamanin da ta koya wa yaranmu biyan kuɗi, ta hutar da mu kunya. Ana shiga ta ƙofar baya, a zari 'yar takarda mai lamba daga na'urar da ke bakin ƙofa. Allon da ke saman direba yana nuna kuɗin kowace lamba. In za a sauka sai a je gaba, a zuba takardar da kuɗin daidai cikin akwati, don akwatin ba ya mayar da canji. Na'urar canji tana karɓar tsaba da takardar yen 1,000 ne kawai, mai 10,000 a aljihu tamkar ba shi da ko sisi. Katin taɓawa da kuka saba da shi a Osaka da Tokyo ba ya aiki a nan. Tsarin takarda da akwatin nan haka yake a yawancin bas ma. Masu tikitin Seishun 18, wato tikitin hawa jiragen ƙasa na gama-gari ba iyaka, sai su nuna wa direba kawai, amma a lura, tun ƙarshen 2024 ya koma na mutum ɗaya, kwanaki a jere, uku a kan yen 10,000 ko biyar a kan 12,050, kuma ba ya shiga bas.

Bas ɗin ne ya fi yaudara. Layin Sanko mai kilomita 108 tsakanin Miyoshi da Gotsu an rufe shi a 2018, bas-bas suka gaje shi, amma an datsa hanyar gunduwa-gunduwa, sai an yi ta canjawa. Jadawalin Asabar da Lahadi daban yake da na ranakun aiki, wasu tafiye-tafiyen kuma domin 'yan makaranta aka sa su, in an yi hutu babu su. Dalilin a fili yake ta taga: gidaje a kulle, gonakin shinkafa ciyawa ta cinye. Jihar Shimane, wadda muka ratsa, tana da mutum sama da dubu 900 a 1955, ƙidayar 2020 ta same ta da kimanin dubu 670.

Ba za mu manta da matar da ke da ɗan masauki a Miyoshi ba. Mun iso bayan lokacin rufe ƙofa, ta jira. Da aka ce mata ba ma cin naman alade kuma ba ma so a sa giyar girki a miya, ta dafa shinkafa da gasasshen kifi da gishiri kawai, ta kuma buɗe mana ɗaki mai tabarmi muka rama sallolin da ke kanmu. Jiƙaƙƙun takalmanmu ta cusa musu tsofaffin jaridu, da safe muka same su a jere a bakin ƙofa, sun bushe.