Tallafin Wasanni Takarda Yake Bi, Mu Kuma a Zango da Amana Muka Saba

Shekara bakwai ke nan ina riƙe da littafin kuɗin wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon yara a Nima, wata unguwa ta birnin Accra, irin waɗanda a nan Ghana ake kira kolts. Duk ranar Asabar ɗin da muke da wasa a wata unguwa, bayan sallar asuba nakan tarar da kocinmu tsugune a bakin fili, ya baje ƙananan takardun sidi a kan murfin jakar ƙwallaye, yana ware na tirotiro, wato motar haya, daban, na buhun ruwan leda daban, na alƙalin wasa daban. Idan bai kai ba, kuma sau da yawa ba ya kaiwa, sai ya laluba aljihun bayansa ya cika daga abin da ya samu a shagonsa na ɗinki. Allurar da yake ɗinka wa mutane kayan Salla da ita, ita ce yake ɗinke rigunan yaran da ita idan sun yage. A haka ƙungiyar ta rayu tun kafin in shigo cikinta, kuma a haka mafi yawan ƙungiyoyin Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama suke rayuwa.

Shekara uku da suka wuce wani ɗan'uwa ya turo mini sanarwa ta WhatsApp cewa wata gidauniya tana karɓar buƙatun tallafi daga ƙananan ƙungiyoyin wasanni. Kuɗin ba su da yawa, amma da sun ishe mu sayen ƙwallaye da raga da takalman yara na shekara guda. Na zauna na cika shafi na farko cikin murna, domin tambayoyinsa duka a kan aikinmu suke, mu kuwa aiki muna da shi. A shafi na biyu ne hannuna ya tsaya. Ana neman takardar rajistar ƙungiya, da tsarin mulkinta a rubuce, da lambar asusun banki mai ɗauke da sunanta, da bayanin kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita a shekarar da ta gabata. Ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba mu da shi. Kuɗinmu a MoMo ɗin koci suke, wato asusun kuɗi na wayarsa, tsarin mulkinmu kuma shi ne abin da dattawa suka yanke.

Da na kai maganar wurin uban ƙungiyarmu, dattijon da ya ba mu ɗakin ajiye kaya a gidansa, sai ya dube ni ya ce, “Ɗana, shekara nawa muna riƙe da yaran nan, wa ya taɓa cewa mun ci kuɗin wani?” Na ce, “Babu, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma waɗannan mutane ba su san mu ba, takarda ce kawai za ta gabatar da mu a wurinsu.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in je in yi abin da ya kamata. Kafin mu haɗa ko da rabin takardun, wa'adin ya ƙare. Hausawa suka ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Tun daga ranar na sa kaina binciken inda kuɗin wasannin unguwa suke fitowa, kuma abin da na gano shi ne ƙofofin sun fi yadda muke zato yawa. Wadda ta fi kusa da mu ita ce majalisar ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 252, ya wajabta a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba a zuba a asusun bai-ɗaya na ƙananan hukumomi, kuma kowane ɗan majalisar dokoki yana da wani kaso daga ciki domin ayyukan mazaɓarsa. Nima tana ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, Mamobi kuma tana ƙarƙashin Ayawaso ta Arewa. Waɗannan kuɗi ba na wasanni kaɗai ba ne, magudanan ruwa da makarantu da asibitoci duk suna layi, saboda haka wanda bai kai buƙatarsa a rubuce ta hannun wakilin unguwarsa kafin a tsara kasafin shekara ba, ba zai ga komai ba. Mu kuwa mun saba jiran ɗan siyasa ya zo gasar Salla ya miƙa kofi da riguna masu ɗauke da hotonsa. Wannan kyauta ce, kuma muna godiya, amma ba a gina ƙungiya a kanta, domin tana zuwa ne a lokacin da mai ita ya ga dama.

Sai kuma Asusun Raya Zanguna, wanda aka kafa da doka mai lamba 964 ta shekarar 2017, kuma wasanni suna cikin abubuwan da aka ɗora masa. A waɗannan shekaru an shimfiɗa filayen ciyawar roba a wurare kamar Madina da Fadama, kuma duk wanda ya taɓa wanke gwiwar yaron da tsakuwa ta yanka ya san darajar irin wannan fili. Sai dai a ganina mun fi son abin da za a yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, alhali abin da ke kashe ƙananan ƙungiyoyi shi ne ɗawainiyar kowane mako: mota, ruwa, magani, kuɗin rajista, da ɗan abin da za a ba koci ya kai gida. Filin roba kansa yana buƙatar shara da gyara da wutar lantarki, kuma idan ba a tanadi kuɗin wannan ba, masu kula da shi ba su da mafita sai su riƙa ba da shi haya ga manyan da ke iya biya, da masu biki, yaran da aka gina shi dominsu kuma su koma kan ƙasa.

Hukumar FIFA tana da shirinta mai suna Forward tun 2016, kuma a zangon 2023 zuwa 2026 kowace hukumar ƙwallo ta ƙasa tana iya samun har dala miliyan 8. Waɗannan kuɗi hannun GFA, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana, suke shiga, ba hannun ƙungiyoyi ba, kuma abin da zai gangaro gare mu yana biyowa ne ta hukumar ƙwallon yanki da ta gunduma, a matsayin gasa ko ƙwallaye ko horar da masu horarwa. Ƙungiyar da ba ta cikin littafin hukumar gunduma ba ta kan wannan hanya ko kaɗan. Ofisoshin jakadancin wasu ƙasashe, kamar Japan da Ostireliya, su ma sun daɗe da ƙananan shirye-shiryen tallafa wa ayyukan al'umma, haka nan gidauniyoyi irin su Laureus da Common Goal, wadda aka soma a 2017 inda 'yan wasa ke ba da kashi 1 cikin 100 na albashinsu. Irin waɗannan ba kofi ne ya dame su ba. Tambayarsu ita ce yaro nawa ne ƙwallon ta riƙe a makaranta, wane tanadi aka yi na kare yara daga cutarwa, kuma ina 'yan mata. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi yi mana nauyi a Zango, kuma ban ga dalilin da zai hana mu amsa ta cikin mutuncinmu ba, da mai horarwa mace, da suturar da iyaye suka yarda da ita, da lokacin da bai ci karo da makarantar allo ba.

Amma akwai kuɗin da suka fi waɗannan duka muhimmanci a wurina, domin su ba roƙo ba ne, haƙƙi ne, kuma su ne muka fi yin asararsu. A dokar FIFA ta sauya sheƙar 'yan wasa, duk lokacin da aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali kwantiraginsa bai ƙare ba, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kwata na kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin cinikin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da rabin kashi ɗaya. A ce an sayar da yaro a kan Yuro miliyan 10. Ƙungiyar da ta riƙe shi yana ɗan shekara 13 da 14 tana da Yuro 50,000. Idan bayan shekara uku an sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, za a sake biyanta. Duk mai riƙe da ƙungiyar kolts ya san shekara nawa irin wannan kuɗi zai ɗauke masa ɗawainiya.

Wannan ba tatsuniya ba ce a wurin mutanen Nima. Mohammed Kudus a lungunanmu ya tashi, ya buga wa Strong Tower, daga nan ya wuce makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya tafi Nordsjælland ta Denmak a 2018, sai Ajax ta Holan a 2020, sai West Ham ta Ingila a 2023. Kafin shi, unguwar nan ce ta fitar da Mohammed Polo, wanda yake cikin waɗanda suka ci wa Ghana kofin Afirka a 1978, shekarar da Abdul Razak na Kumasi ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Baiwa dai Allah ya ajiye ta a zangunanmu, wannan ba abin gardama ba ne. Abin lura shi ne dokar ba ta ƙirga shekarun da ke ƙasa da 12, kuma a waɗanda take ƙirgawa ma, ba ta san wanda ya saya wa yaro takalminsa na farko ba sai idan sunansa yana cikin rajista.

Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Faris wanda irin waɗannan kuɗi ke bi ta cikinsa. Da zarar an yi ciniki, kwamfuta ce ke haɗa tarihin ɗan wasan daga bayanan rajistar da hukumomin ƙasashe suka shigar, ta nuna ƙungiyar da ya zauna a kowace shekara, sannan a tantance ƙungiyar da asusunta na banki kafin a biya. Shekarar da yaro ya yi yana buga maka wasa ba tare da katin rajista ba, a wannan lissafi babu kai a cikinta. Muna da yaron da ya yi shekara huɗu a hannun kocinmu, yana cin waken gidansa, yana kwana a shagonsa idan dare ya yi. Wata rana wani mutum ya zo da alkawura, ya gana da iyayen, ya tafi da shi wata ƙungiya da ta yi masa kati cikin mako guda. Ina yi wa yaron fatan alheri da zuciya ɗaya, kuma ban ga laifin iyayensa ba. Amma idan Allah ya ɗaukaka shi gobe, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma sakacinmu ne ya jawo.

Na daɗe ina tunanin abin da ke sa mu gudun takarda. Wani ɓangare amana ce, domin a wurinmu ka ce wa dattijo ya sa hannu a kan rasit kamar ka zarge shi ne. Wani ɓangaren kuma, a faɗi gaskiya, maganar shekaru ce. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa, duk da cewa rajistar jariri kyauta ce a Ghana kafin ya cika shekara guda, wasu kuma da gangan ake jinkirta yi musu kati don a samu damar rage musu shekaru idan wata dama ta zo. Wannan ha'inci ne, addininmu bai yarda da shi ba, kuma yana cutar da ƙaramin yaron da aka hana wurinsa, sannan ya goge shekarun wahalar kocin daga lissafi.

Abin da muka yi a ƙungiyarmu bai fi ƙarfin kowa ba, ko da yake ya ci mana kusan shekara guda. Mun rubuta tsarin mulki mai shafi uku, aka karanta shi da Hausa a gaban iyaye. Mun yi rajista a ofishin rajistar kamfanoni a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, muka buɗe asusun banki wanda ba a cire ko sidi ɗaya sai da sa hannun mutum biyu, ɗaya daga cikinsu kuma wata uwa ce mai sayar da koko wadda ta fi mu duka iya lissafi. Na sayi babban littafi mai bango baƙi, ina manna kowane rasit a ciki, inda babu rasit kuma, kamar kuɗin tirotiro, sai in rubuta, koci ya sa hannu. Ranar farko da na miƙa masa biro ya dube ni ya ce, “Malam, har ni?” Na ce, “Koci, ranar da za a tambaye mu, wannan littafi ne zai faɗi abin da ka kashe daga aljihunka.” Ya karɓa ya sa hannu, kuma da muka tattara lissafin wata shida, Alhaji da kansa ya riƙe baki da ya ga jimillar.

Har yanzu babu wata gidauniya da ta ba mu komai. Mun aika buƙata biyu, ɗaya an ba mu haƙuri, ɗaya muna jira, kuma wasiƙarmu ta neman a gyara mana raga da fitila tana hannun wakilin unguwa. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, mai hoto zai zo bakin fili da ƙarfe bakwai domin a yi wa yaran da suka cika shekara 12 a bana kati. Na bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya na roƙi iyaye su zo da takardun haihuwa, kuma uku da ba su da ita, ni da mahaifansu za mu je ofishin rajistar haihuwa ranar Litinin.