Sifili ɗaya ya hana ni barci kwana biyu

Ƴan uwa masu fama da lissafi, yau kam na fita kunya. Na raba 4,294,967,297 da hannuna, ba waya.

Kun san ta: 2 a ninka ta da kanta har sau 32, a ƙara 1. Masanin lissafi Fermat Bafaranshe ya ɗauka duk ƴan gidansu (2 a ninka ta sau 1, 2, 4, 8, 16, 32 haka-haka, a ƙara 1) ba sa rabuwa, wato ba lambar da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu, don 3, 5, 17, 257 da 65,537 ba su ba shi kunya ba. Sai a 1732 wani masanin, Euler, ya fasa ƙwai, ya nuna wannan tana rabuwa. Na ce sai na bi sawunsa da bik da kaye.

Na'urar lissafin da na sayo a kasuwar Dole jaka biyu, ashe gurbi takwas take ɗauka, lambar kuwa goma gare ta. Kuɗin nan har yanzu yana ci mini rai.

Dabarar ita ce, duk abin da zai raba ta sai ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. Na zubar da masu rabuwa, na tsallake 257 tunda ƴan gidan Fermat ba sa tarayya a abin da ke raba su. 193, 449, 577 duk suka bar saura. Na zo kan 641, saura ta fito sifili! Na yi ihu a fada har mai dafa shayi ya zabura.

Murna ta koma ciki da na juya na ninka don tabbatarwa. Amsata 670,417 ce, sau 641 ta ba ni 429,737,297. Farkonta 429, ƙarshenta 297, kamar ita, amma gurbi tara. Na sake ninkawa sau huɗu, ina zargin ninkin, alhali shi ba ruwansa. Daren jiya wuta ta ɗauke, na ci gaba da tocila a baki, zufa na ɗiga kan takarda.

Da asuba na gano ɓarnar. Bayan an cire 4,487 daga 4,489, saura 2. Ka sauko da 6, ya zama 26, bai kai 641 ba, sifili. Ka sauko da 7, 267, nan ma bai kai ba, wani sifilin. Ni kuwa garin gaggawa na sauko da su tare na rubuta sifili guda. Amsar gaskiya 6,700,417. Abin haushin, kuskuren ba ya taɓa saurar, shi ya sa ya ɓuya.

Ke nan lambar mara ce, mai rabuwa, kuma an ce marasa rabuwa biyu kacal suka haife ta. Wannan "an ce" ɗin nake son kawarwa. Da gyaran da masanin lissafi Lucas ya yi wa dabarar a 1878, ninkin 128 da ƙarin 1 kawai zan duba, kuma ba sai na wuce 2,588 ba, tunda 2,589 sau kanta ta haura 6,700,417. Na tace, saura 641 kanta, 769, 1,153 da 1,409 zan gwada a kan 6,700,417. Kayen ya cika, sai na sayo sabo bayan la'asar.