Tafiyar Neman Gyaran Wuyan 'Yata

Tun kafin gari ya waye muka kama hanya, ni da 'yata mai shekara 8 da mahaifiyarta. Na roƙi direba ya riƙa lallaɓa ramuka, don duk girgizar da motar ta yi sai yarinyar ta cije leɓe. Kanta a karkace yake wajen kafaɗar dama, haɓarta na kallon hagu, kamar tsuntsu mai sauraron motsi. Karo na uku ke nan wuyan na komawa haka.

Daga ciwon maƙogwaro abin ya faro, irin wanda wani likitan Faransa, Grisel, ya bayyana a 1930: kumburi ya sassauta jijiyoyin da ke riƙe ƙashin wuya. Da farko kwalar wuya da maganin ciwo suka wadatar. A karo na biyu sai da aka kwantar da ita ana jan kan da nauyi. Ya miƙe, muka yi murna, ashe da sauran rina a kaba.

Yini guda muna tafe, gefe ɗaya kawai na titi take gani. In wani abu ya gifta ta dama sai ta ce, "Baba, mene ne ya wuce?" Ni kuwa in ce gada ce, ko babbar mota. Wannan tambayar ta fi ramukan ci mini rai.

Washegari, a babban asibitin da aka tura mu, likitan tiyata ya nuna mini hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna ƙasusuwa dalla-dalla. Ƙasusuwan wuya 7 ne, in ji shi, amma kusan rabin waiwayen mutum tsakanin na sama guda biyu yake faruwa, C1 da C2. Nata C1 ya juya ya maƙale, kuma daɗewar da ya yi a haka ta sa saman C2 ya zama gangare, ko an mayar sai ya sake zamewa.

"Malam, haɗe su za mu yi. Wuya zai miƙe, amma waiwayenta zai ragu."

Na ce, "Likita, har abada?" Ya gyaɗa kai, ya ƙara da cewa ƙasusuwan wuya na ƙasa kan rama wani abu na waiwayen a yara. Salon tiyatar likitoci Goel da Harms zai bi: kusoshi a ƙasusuwan biyu, sanduna su riƙe su, a dasa guntun ƙashi daga ƙugunta. Bai ɓoye mini cewa laka da jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna daf da wurin ba. Hannuna na rawa na sa hannu a takardar.

Bayan tiyatar, ranar komawa, da kwala a wuyanta, ita ta zaɓi kujerar taga ta dama. Da muka iso gadar nan sai ta juya da kafaɗunta gaba ɗaya, ta ce, "Baba, ashe akwai ruwa a ƙarƙashinta."