Fatsa da yara a ruwan Legas

Yaranmu da aka haifa a Legas ruwa ya kewaye su gabas da yamma, amma akasarinsu ba su san shi ba sai ta gilashin mota, in an hau gadar Eko ko Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12. Kifin da suka sani shi ne na kwali, titus da fanla, mai ƙanƙara a jiki. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Ni mutumin Yawuri ne, kuma ko da yake gidanmu ba masunta ba ne, a garinmu da wuya yaro ya yi wayo bai iya ɗaura ƙugiya ba. Nawa kuwa, a nan Ojo kusa da Alaba Rago, daga boko sai Islamiyya sai wayar mamansu, alhali ruwan da ya miƙa har Badagry yana nan bayan unguwa.

Shi ya sa na soma fita da su fatsa, Asabar ko Lahadi da safe, in hali ya yi. Abokai a kasuwa suna yawan tambayata yadda ake yi, wasu don sha'awa, wasu don suna ganin ganganci ne. Amsata ba ta canzawa: fitar ta yara ce, don haka komai da ƙaramin cikinsu ake auna shi, tun daga inda za a je har lokacin da za a juyo. Mai neman babban kifi ya tafi shi kaɗai wata rana.

Ranar da na fara kawo maganar, maman yara cewa ta yi, "Malam, komai ka ce zan bi, ban da ka sa mini 'ya'ya a ruwa." Ban ga laifinta ba. Mu 'yan Kebbi ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ba. Ga na Patigi a jihar Kwara a Yunin 2023, mutum fiye da 100 da ke dawowa daga biki. A nan Legas ma, a Yulin 2022, jirgin da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe da almuru ya kife da mutane, har da yara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk wanda ke bin labarin irin waɗannan haɗurra zai ga abubuwan da ke maimaituwa: lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, rashin rigar kariya. Dukansu uba yana da ikon cewa a'a tun yana kan tudu. Da wannan na shawo kanta, bayan ta ga rigunan da idonta.

Hukumar LASWA, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 2008 don kula da sufurin ruwa, dokarta ita ce ba riga ba hawa jirgi. Sai dai rigunan da masu jirage ke ajiyewa galibi na manya ne, kuma rigar babba a jikin yaro ba kariya ba ce, don da zarar ya faɗa ruwa za ta haye sama shi ya zame ta ƙasa. Na sayo wa kowane yaro tasa daidai nauyinsa, mai maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Gwajin ba wuya: ka ɗaure masa ita tsaf, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura kunnuwansa, ta yi masa yawa. 'Yan mata su sa gajeren hijabi a cusa bakinsa cikin rigar, don dogon yana kama ƙugiya, yana iya kaiwa ga inji, in ya jiƙe kuma nauyi gare shi. Maza su bar doguwar riga a gida. Ni ma ina sa tawa duk da na iya iyo, don yaro abin da ya ga ubansa ya yi shi yake yi.

Mai jirginmu wani dattijo ne mutumin Egun, kabilar da ta yi suna da su a Badagry da Makoko. Baba muke ce masa. Kafin in kai masa yara sai da na je ni kaɗai na zauna da shi, na duba cikin jirgin ko yana shan ruwa, na ga akwai filafili ko da inji zai tsaya. Mun yi ciniki a kan lokaci, ba a kan kifi ba, don kada ya ga ba a kama komai ba ya ce a ƙara gaba. Yarbancina na kasuwa ne, saboda haka babbar 'yata ce tafinta a cikin jirgi, kuma na ga yadda wannan aiki ya ƙara mata natsuwa.

Ba teku muke shiga ba. Tsakanin Ojo da tekun akwai doguwar tsirin ƙasa mai yashi, inda Ibeshe da Ilashe suke, ita ce ke tare igiyar ruwa. Abin da ke ta wannan ɓangaren ruwa ne kwantacce, gaurayen ruwan koguna da na gishiri. Ogun da sauran koguna suna zubowa cikin tafkin Legas daga arewa, teku kuma yana shigowa ta mashigar tashar jiragen ruwa, tsakanin dogayen katangun duwatsun nan da Turawa suka fara jibgewa tun kafin yaƙin duniya na farko. Wannan mashigar ba wurin yara ba ce: manyan jiragen Apapa ta nan suke bi, ruwan kuma yana da ja. Tarkwa Bay da ke gefenta tana da daɗin wasan yashi, amma hawa kan duwatsun don fatsa aikin manya ne, santsinsu ya isa. Mu muna neman ɗan lungu ne a bakin itatuwan nan masu saiwa a waje, nesa da hanyar jiragen fasinja masu gudu, Baba ya kafa sanda ya ɗaure jirgi, gaɓa tana nan kusa da mu.

Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne ruwan yana da lokaci. A Yawuri cikar kogi da raguwarsa ta shekara ce. Na nan sau biyu yake cikowa sau biyu yake janyewa tsakanin yini da dare. Daga cika zuwa cika awa 12 ne da minti 25, don haka kullum yana jinkiri da kusan minti 50 a kan na jiya. Wata ne ke jan sa. A tsayuwar wata, da kuma wajen 14 zuwa 15 gare shi, ya fi cika, ya fi janyewa, ya fi gudu. Wajen 7 da 22 ga wata ya fi lafawa. Da na faɗa wa babbar 'yata, Yaya, haka, sai ta ɗauki kalandar Musulunci da ke bangon falo ta riƙa yi wa ranakun alama da biro, yanzu ita ke gaya mini Asabar ɗin da ta dace. Baba ya fi son mu isa daidai sa'ad da ruwa ya fara shigowa, don a lokacin kifi ke biyo shi neman abinci.

Lokacin shekara ma abin lura ne. Yuni da Yuli ruwan sama ya yi yawa, hadari yana tasowa ba sallama, ba ma zuwa. Daga ƙarshen damina kuma, da gishirin ya ragu, sai ciyawar nan dangin kainuwa mai shuɗin fure ta rufe hanya. Ta shigo ruwan Najeriya ne ta Badagry daga Jamhuriyar Benin a 1984, tana naɗe farfelar inji tana cinye zare, sai rani ya kama gishiri ya ƙaru take mutuwa. A ganina daga Janairu zuwa Maris ya fi, sai dai in hazon hunturu ya yi kauri a jira rana ta ɗaga.

Kayan aikin ba tsada. Zaren fatsa a naɗe jikin gorar roba, ƙananan ƙugiyoyi, 'yar dalma, da guntun tsohon silifa a matsayin abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna cizo. Ina sa filaya in danne ɗan haƙorin da ke bayan tsinin kowace ƙugiya. Wani kifin yakan kuɓuce saboda haka, amma in ta shiga yatsan yaro za ta fita salin alin. Abin tarko jatan lande ne a yanka ƙanana. A Yawuri tana muke haƙowa, a ruwan gishiri kuwa jatan lande ya fi kama. Sai hula, da ruwan sha mai yawa, da ƙosai ko gurasa, da dabino.

Auta ne ya fara kamu. Yana zaune tsakanin gwiwoyina, zare a kan ɗan yatsansa, ya yi tsit, abin da ba ya yi a gida. Can sai ya ce a hankali, "Abba, wani abu na taɓa mini zare." Cizon karfasa ba shi da ƙarfi, kamar yaro ne ke jan bakin zanen uwarsa. Na ce, "Bari tukuna, sai ya tafi da shi." Guntun silifan ya karkata, ya nutse, na ce ja. Ya jawo da hannu bibbiyu, zare na taruwa a ƙafarsa, sai ga karfasa mai baƙin haɓa, faɗinta bai fi tafin hannuna ba, tana ta fal-fal a cikin jirgi. Bai yi ihu ba. Ya durƙusa yana kallon kunnenta na buɗewa yana rufewa, ya tambaye ni ko tana jin zafi. Na ce masa shi ya sa ba a wasa da abin da aka kama, ko a mayar da shi nan take ko a gama da shi da wuri, da bismillah.

Akwai waɗanda yaro ba ya taɓawa sai babba. Na farko wani ɗan'uwan tarwaɗa ne mai hasken azurfa, Yarabawa na ce masa obokun. Daɗi gare shi a farfesu, amma yana da ƙaya uku, ɗaya a gadon baya biyu a gefe, in ya ji hannu sai ya miƙe su ƙam, sukarsu kuma tana da raɗaɗi. Baba yakan kama shi ta bayan kai, ya karya ƙayoyin da filaya, sannan ya miƙa wa yara su gani. Na biyu kifin nan mai kumbura ciki in an fito da shi. Yara na son kallonsa, amma yana da guba, mayar da shi ake yi. Kaguwa kuwa ita ce ɓarauniyar jatan lande: takan riƙe shi da almakashinta har saman ruwa, sannan ta saki ta yi iyo a karkace. In ruwa ya janye, laka takan fito da ƙananan kifaye masu ido a bisa kai, suna tsalle a tudu da hannuwansu. Mai bin Yaya yakan ajiye zarensa gaba ɗaya ya tsaya kallonsu, ba na hana shi.

Wata rana Auta ya ɗanɗani ruwan ya tofar, ya ce ai wannan ba a alwala da shi. Na ji daɗin tambayar, don irinta sahabbai suka yi wa Manzon Allah (SAW), ya ce teku ruwansa mai tsarki ne, mushensa kuma halal ne. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma a mazhabarmu kaguwa da jatan lande duk halal ne, ko da yake da yawanmu 'yan arewa ƙyamarsu muke yi don ba mu saba ba. A Islamiyya za su karanta wannan babi, amma gani ya kori ji. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Na inda muke bai kai haka ba, kuma yaran sun lura da bakinsu cewa na Maris ya fi na Nuwamba ɗaci.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne shara. Ledar fiya wata, robar lemo, takalma, duk suna maƙale a saiwoyin itatuwa inda ƙananan kifi ke fakewa su girma. Ta wajen Apapa da Ebute Metta ruwan yana da maiƙo da datti, ba zan ba iyalina kifin wurin ba. Dokar jirginmu ita ce duk abin da muka shigo da shi da shi za mu fita, ƙananan kifi kuma a mayar su girma. Guntun zare ma ba a jefawa, yana shaƙe tsuntsaye.

Awa biyu ta ishi yaro. Da na ga Auta ya fara hamma, ko wani ya ce kansa na juyawa, sai mu kwance jirgi, ko da kuwa a lokacin kifi ya fara ci. Kafin azahar muna gida, sun yi wanka, mamansu na soya abin da aka samu, wata rana ya isa miya, wata rana sai an ƙaro daga hannun matan da ke sayarwa a bakin tasha.

Maƙwabcina ya roƙi in haɗa da nasa yaran biyu. Na ce masa, "Alhaji, na yarda, amma da kai za mu je, don babba ɗaya ba ya iya sa ido kan yaro fiye da biyu a cikin jirgi. Ka sayo musu riguna, ka kawo su in gwada musu tukuna." Ya sayo, ɗaya ta yi wa ƙaramin yawa, ya koma ya canzo. Yaya ta duba kalanda, mun sa Asabar ɗin da ta fi kusa da 7 ga wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.