Ramuka biyu a jirgin Alhaji

Yau Talata mun cire masan nan da ya addabi kowa a tsohon jirgin ruwan Alhaji, wanda muka ɗora kan tudu a Apapa. Cirewar ba ta ba mu wahala ba, in ban da tiyon fitar da ƙazanta, wanda farin dutsen da haɗuwar fitsari da ruwan gishiri ke haifarwa ya toshe shi har da ƙyar yatsa ke shiga, sai da Ɗanlami, abokin aikina, ya sa masa zarto.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ramuka biyun da masan ya bari, dukansu ƙasa da inda ruwa yake kaiwa, ƙaramin na shigar ruwa mai faɗin milimita 19 da babban na fita mai 38. Da na kankare famfon da ke buɗewa da rufe babban ramin da wuƙa, sai na ga ƙarfen ya yi ja-ja yana marmashewa, alamar ruwan teku ya cinye zinkin da ke cikin tagullar.

Bayan la'asar Alhaji ya zo, ya leƙa, ya ce, "Malam, a rufe famfunan a ɗaura musu murfi, ran Juma'a nake son jirgina a ruwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, a kan ruɓaɓɓen ƙarfe murfin zai zauna, kuma famfon da ba a amfani da shi babu mai sake duba shi." Na bayyana masa cewa aikin ƙwarai shi ne a fitar da famfunan gaba ɗaya, a goge gefen kowane rami a karkace har faɗin ya ninka kaurin jikin jirgin sau 12, wato milimita 120 ko'ina tunda kaurinsa 10 ne, sannan a jera yadin faiba falle-falle da gam ɗin efoksi, domin shi ya fi kama tsohuwar faibar da aka yi jikin jirgin da ita.

Ya tambayi kuɗin, ya yi shiru, sannan ya ce zai yi shawara da direbansa, mutumin da bai taɓa shiga ƙasan jirgin nan ba. Wannan maganar ce ta ɓata mini yammacin duka.

Hadari ya haɗu kafin magariba, kuma efoksi ba ya son danshi, saboda haka ko da ya amince gobe, sai mun kafa rumfar tamfol tukuna. Na ajiye masa gutsuren ƙarfen a aljihun tebur don ya murza da hannunsa.